ZAFI, SANYI DA AMANA: YADDA ZA MU ZAƁI MAI GYARAN NA'URORIN GIDAJENMU

Jawabin da aka gabatar a wajen babban taron shekara-shekara na Ƙungiya



Lokacin da Kwamitin Shirye-shirye ya aiko mana da takardar gayyata, ya kuma bar mana zaɓin abin da za mu yi magana a kai, mun san da yawa daga cikinku sun zaci za mu ɗauko batun ilimi, tun da a cikin alli da allo muka ƙare ƙuruciyarmu. Da muka ce a kan masu gyaran firji da iyakwandishan da hita za mu yi jawabi, sai wani daga cikin 'yan kwamitin, wanda tsohon ɗalibinmu ne, ya yi murmushi ya ce, "Malam, ko an canza sana'a ne bayan ritaya?" Muka ce masa a'a, sana'ar tana nan, ajin ne kawai ya canza. Muna roƙon ku ba mu aron kunnuwanku na ɗan lokaci, domin abin da za mu faɗa ya shafi aljihunku, ya shafi lafiyar iyalinku, wani lokaci ma yakan shafi rai.

ABIN DA YA JAWO MAGANAR

Ruwa ba ya tsami banza. A shekarar da muka ajiye aiki, da kuɗin sallama suka fito, abu na farko da muka saya wa uwargida shi ne firji, sa'an nan muka sa iyakwandishan guda a ɗakin mahaifiyarmu, wadda tsufa da hawan jini suka sa ba ta jure zafin bazara. Shekara biyu komai lafiya. A bazara ta uku na'urar ta daina sanyi. Wani maƙwabci ya tare mana wani saurayi da ke wucewa a kan babur da tukunyar gas ɗaure a baya. Ya shiga, ya ɗora tafin hannunsa a bakin na'urar, ya ce gas ne ya ƙare. Ya ɗura, muka biya, ya tafi. Bayan mako uku sanyi ya sake ɗaukewa. Ya dawo, ya sake ɗurawa, muka sake biya. A karo na uku sai ya ce ai injin ne ya tsufa, a kawo kuɗin sabo. Muka ba shi rabi, daga ranar ba mu sake sa shi a ido ba, lambar wayarsa kuma ta daina shiga. Tsohuwa ta yi kwana goma sha ɗaya tana kwana a tsakar gida cikin sauro, a watan Afrilu.

Daga baya aka haɗa mu da wani dattijo mai shago. Bai taɓa tukunyar gas ba sai da ya kwaɓa ruwan sabulu ya shafa a mahaɗar bututu, nan take kumfa ta tashi. Ashe wani noti ne ya saki, gyaran da bai kai rabin sa'a ba. Injin da aka ce ya mutu lafiyarsa ƙalau. Mun daɗe muna tunanin wannan al'amari, muka ga cewa laifin ba na yaron nan ba ne shi kaɗai. Mu da muka shekara talatin da biyar muna koya wa yara su yi tambaya kafin su yarda, mu ne muka miƙa kuɗi har sau uku ba tare da tambaya ko ɗaya ba.

DAGA SORO ZUWA KWANO

Kafin mu shiga zancen masu gyara, ya kamata mu tuna yadda aka yi muka zama mabuƙata gare su. Yawancinmu a ɗakunan ƙasa aka haife mu. Ginin tubali mai kauri, da rufin azara da aka dafe da ƙasa, yakan tsare zafin rana ya hana shi shiga sai dare ya yi, ya kuma riƙe ɗumi a lokacin hunturu. Wanda ya taɓa shiga Gidan Makama a Kano da tsakar rana, ko tsohon ginin Masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, ya san abin da muke nufi. Ruwan sha kuwa randa ce ke sanyaya shi, domin ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa yana tafiya da zafi.

Da muka yi ƙaura zuwa birane, sai muka shiga gidajen bulo da siminti, masu rufin kwano da siraran bango, an jera su babu bishiya babu sararin shan iska. Irin wannan gida tanda ne da rana, da dare kuma bangon yana amayo zafin da ya sha. A Kano, Sakkwato da Maiduguri, zafin watan Afrilu yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. A farkon Afrilun 2024, garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5. Saboda haka fanka da firji da iyakwandishan, wadda yaran yanzu ke kira esi, sun tashi daga kayan alatu sun zama kayan buƙata, musamman a gidan da ke da tsoho, ko jariri, ko mai ciwon sukari da ke ajiye allurar insulin, wadda ake so ta zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8. Duk wanda ya dogara da na'ura kuwa, ya dogara da mai gyaranta, ko ya so ko ya ƙi.

DARASI GUDA DA KOWANE MAIGIDA YA KAMATA YA HADDACE

Ku yi mana haƙuri mu koma aji na minti biyar. Firji da iyakwandishan aiki iri ɗaya suke yi: ba sa ƙera sanyi, zafi suke kwashewa daga ciki su zubar a waje. A cikinsu akwai wani sinadari da muke kira gas, wanda ke zagayawa a cikin rufaffen bututu. Injin da ake kira kwamfireso shi ne zuciyar na'urar, shi ke matsa gas ɗin yana tura shi. Idan gas ya iso sashen da ke cikin ɗaki sai ya zuƙe zafi, idan ya koma sashen waje sai ya saki zafin, ya sake dawowa. Haka yake ta kai da kawowa, kamar jini a jikin mutum.

Ga darasin: gas ɗin nan ba man fetur ba ne, ba ya ƙonewa, ba ya ƙarewa don an yi aiki da shi. Idan ya ragu, to akwai inda yake zurarewa. Mai gyaran da ya ce maka gas ya ƙare, ya ɗura wani ba tare da ya nemi ɓular ya toshe ba, daidai yake da wanda ke zuba ruwa a tulun da ya tsage. Ko dai bai san aikin ba, ko kuma ya sani yana so ya dawo. Da mun san wannan jimla guda, da tsohuwarmu ba ta kwana a waje ba.

Abu na biyu, gas iri-iri ne, kuma kowace na'ura da nata. A jikin kowace akwai ɗan allo da kamfani ya manna, an rubuta sunan gas ɗin da nauyin da ake zubawa. Tsofaffin firji suna amfani da R12, wanda aka gano yana lalata rufin ozon da ke kare duniya daga mugun hasken rana. Wannan ya sa ƙasashen duniya suka ƙulla Yarjejeniyar Montreal a 1987, aka kuma sa 2010 ta zama ƙarshen sarrafa shi a ƙasashe masu tasowa irin tamu. R22, wanda ke cikin tsofaffin iyakwandishan da yawa, shi ma an tsara janye shi zuwa 2030. A 2016 aka yi wa yarjejeniyar ƙari a Kigali ta ƙasar Ruwanda, domin a rage irin su R134a da R410A, saboda suna ƙara ɗumamar duniya. Waɗanda ke maye gurbinsu su ne R600a a cikin firji, da R32 da R290 a cikin iyakwandishan.

Me ya kawo wannan lissafi a taron 'yan gari? Dalili shi ne sababbin nan suna kama wuta. R600a da R290 dangin gas ɗin girki ne, R32 ma yana ci, ko da yake bai kai su ba. Wanda ya koyi aiki a zamanin R12, bai ƙaro sani ba, idan ya kunna wutar walda a jikin bututun da bai gama fitar da gas daga cikinsa ba, a ɗaki rufe, to ya jefa kansa da masu gidan cikin haɗari. Haka kuma R410A yana aiki da matsi mai ƙarfi fiye da na R22 nesa ba kusa ba, don haka ba a musanya su, ba a kuma gauraya su. Zamanin da kowane mai sukudireba zai ce shi injiniya ne ya wuce.

ALAMOMIN MAI GYARA NA ƘWARAI

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ga alamomi bakwai da muka tattara, daga abin da ya same mu da kuma zaman da muka yi da masu sana'ar.

Na farko, yana da mazauni. Kamfani ne ko mutum guda, a san shagonsa, a je a gani da ido. Wanda ke da shago yana da maƙwabta, yana da sunan da yake tsoron ya ɓaci. Idan kamfani ne, a nemi lambar rajistarsa ta Hukumar Rajistar Kamfanoni, watau CAC, wadda ake iya bincikawa a shafinta na intanet. Babban allo da rigar aiki mai tambari ba su ne shaida ba, domin mai fenti da tela ne suka yi su.

Na biyu, an san wanda ya koya masa. A al'adarmu ba a tambayar maƙeri takarda, ana tambayar gidan wa ya tashi. Wannan tambaya har gobe tana da amfani: wane ne ubangidanka, shekara nawa ka yi a hannunsa, ya kuma yaye ka? Bayan haka akwai takardu na hukuma. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana ba da shaidar gwajin sana'a mai daraja ta 3, ta 2 da ta 1. Hukumar NABTEB tana shirya jarrabawar kwalejojin fasaha, kuma gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki yana cikin darussanta. Akwai kuma ƙungiyar masu wannan sana'a ta ƙasa, NARAP. Takarda ba ta gyara inji, amma mai ita yana da inda za a kai ƙararsa.

Na uku, kayan aikinsa suna ba da labarinsa. Ku leƙa jakarsa. Mai aikin gaskiya yana da geji mai agogo biyu na auna matsin gas, da mita ta auna wutar da inji ke ja, da sikeli na auna nauyin gas, da famfon zuƙe iska. Wannan na ƙarshe shi ne zakaran gwajin dafi. Duk lokacin da aka buɗe bututu, iska da laima suna shiga, kuma dole a zuƙe su sarai kafin a zuba gas. In ba haka ba, laimar takan daskare ta toshe siririn bututu, ko ta haɗu da man inji ta zama tsami mai cin wayoyin kwamfireso a hankali. Na'urar za ta yi sanyi yau, ta mutu baɗi, maigida kuma ya ɗora laifin a kan masu wuta. Sa'an nan wanda ya ce zai gwada bututu da iskar oksijin ta masu walda, ku dakatar da shi, domin haɗuwarta da man inji tana haddasa fashewa. Iskar naitirojin ake amfani da ita.

Na huɗu, yana bincike kafin ya yanke hukunci. Rashin sanyi alama ce, ba ita ce cutar ba. Yana iya zama ƙurar hunturu ce ta toshe raga, ko fankar waje ta tsaya, ko wuta ta yi ƙasa, ko kuma wani ɗan ƙaramin abu mai kama da gwangwani da ake kira kafasita, wanda ke taimaka wa inji ya tashi, shi ne ya mutu. Kuɗin kafasita bai taka kara ya karya ba in an gwada da na kwamfireso, amma alamar mutuwarsu takan yi kama: inji ya yi gurnani ya kasa tashi. Gidaje nawa aka sa su sayi sabon inji alhali ɗan gwangwanin nan ne ya gaza? Likitan da ya rubuta magani tun majiyyaci bai zauna ba, ai ba a komawa wurinsa.

Na biyar, yana bayani, ba ya jin haushin tambaya. A ajinmu muna gane yaron da ya fahimci darasi idan ya iya maimaita shi da kalmominsa. Ku ce wa mai gyara, "Nuna mini abin da ya lalace, ka gaya mini dalili." Wanda ya sani zai nuna. Wanda ya fara jefo manyan kalmomin Turanci yana cewa ba za ka gane ba, Alhaji, to sau da yawa shi ne bai gane ba.

Na shida, yana yarda a rubuta. Kafin a kwance noti ko ɗaya, a rubuta abin da za a yi, kuɗin kaya daban, ladan aiki daban, da ranar gamawa, da tsawon lokacin da zai dawo ya gyara kyauta in matsalar ta sake tasowa. A karɓi rasit. A ce ya bar tsohon abin da ya cire. Idan za a ɗauki firji zuwa shago, a rubuta lambar da ke jikin kwamfireso, ko a ɗauki hotonta da waya, domin an sha ɗaukar firji da lafiyayyen inji a dawo da shi da wani. Mun san akwai masu ganin rubutu tsakanin mutanen da suka san juna rashin yarda ne. Mu a ganinmu rubutu shi ke tsare zumunci, domin mantuwa ba ta da dangi.

Na bakwai, yana faɗin gaskiya a kan kayan da zai sa. Sabo ne ko na hannu? Bututun jan ƙarfe ne zalla, ko alminiyam ne da aka shafa wa ja? Kasuwanni irin su Sabon Gari a Kano da Alaba a Legas akwai kowane iri, da mai kyau da mai araha, kuma ɗan kasuwa yakan ba mutum abin da kuɗinsa ya kai ne. Ya kamata ku sani cewa an daɗe da sanya tsofaffin firji, iyakwandishan da kwamfireso a jerin kayan da Hukumar Kwastam ta hana shigo da su ƙasar nan. Wanda ƙarfinsa bai kai sabo ba, ba mu ga laifinsa ba, amma ya saya da saninsa, kada a sayar masa da tsoho a kuɗin sabo.

KAMFANI KO MAI SHAGO?

Wasu za su tambaya, wanne ya fi? Amsarmu ita ce kowanne da ranarsa. Idan na'ura sabuwa ce, garantinta bai ƙare ba, kada a bari kowa ya taɓa ta sai wakilin kamfanin da ya sayar, domin da zarar wani ya buɗe ta garanti ya faɗi. A adana takardar saye kamar yadda ake adana takardar fili. Haka nan sababbin na'urori masu inbata suna da allon lantarki irin na kwamfuta a cikinsu, ba kowane gwanin tsohon yayi ne ya san kansa ba. Amma a tambayi kamfanin: wanda zai zo ma'aikacinku ne, ko wani za ku tura? Idan ya yi ɓarna, wa zai biya? Wanda kuma kamfani ya zalunta, ya sani akwai Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa, tana karɓar ƙorafi. 

Akwai wani ɓangare da 'yan kasuwa ba sa faɗa, amma mu dole mu faɗa. Mai gyaran nan ba a zaure yake tsayawa ba. Yana shiga har uwar ɗaka, inda ko ƙanin maigida ba ya shiga sai da sallama, sau da yawa kuma a lokacin da maigida yana ofis ko kasuwa. Yana ganin ƙofofi da tagogi da abin da ke cikin gida. Saboda haka zaɓen mai gyara ba zancen gwaninta ba ne kawai, zancen amana ne. Kada a tare shi a titi. A sa masa lokacin da akwai namiji babba a gida, a kuma san yaran da ya zo da su.

HUNTURU MA YANA DA NASA

Kada zancen zafi ya mantar da mu sanyi. A watannin Disamba da Janairu, daren Kano da Zariya yakan sauko ƙasa da digiri 15, 'yan'uwanmu na Jos kuwa sun fi mu sanin labarin. A nan ne ake neman ruwan zafi da ɗumin ɗaki, a nan ne kuma ake yin asarar da ba ta da gyara.

Hitar bango ta banɗaki tana da abubuwa uku da ke tsare rai. Akwai ma'aunin da ke yanke wuta idan ruwa ya kai zafin da aka sa masa. Akwai ɗan bawul da ke sakin ruwa idan matsi ya yi yawa a cikin tanki. Akwai kuma wayar ƙasa, wadda ke janye wuta idan ta zurare zuwa jikin ƙarfe. Baragurbin mai gyara, idan ma'aunin ya lalace, sai ya haɗa waya kai tsaye. Idan bawul yana ɗiga, sai ya toshe shi. Tankin da ke tafasa babu mai kashe shi, babu kuma mafitar tururi, bam ne aka rataya a bango. Idan kuka ji famfon wanka yana ɗan jan hannu, ku kashe hitar daga makunni, kada wanda ya sake wanka sai an duba wayar ƙasa. Ita kuwa 'yar hitar da ake jefawa a bokiti, kada a sa hannu a ruwan sai an zare ta daga soket, kada kuma a bar yara da ita.

Sai kaskon gawayi. Mun tashi muna jin ɗumi da shi, amma a ɗakunan da ke da ƙofar asabari da kafofin iska. A ɗakin zamani mai tagar gilashi da ƙofar ƙarfe, garwashi yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jinin mutum fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi sau fiye da 200. Farkonta ciwon kai da jiri da tashin zuciya, ƙarshenta barcin da ba a tashi. Ita ce dai ke fita daga hayaƙin janareta. Wanda ya zo haɗa muku janareta don ta ja iyakwandishan, ya ce a ajiye ta a baranda rufaffiya ko a lungun kicin saboda ɓarayi, ku ce masa a'a. Gara a sace inji da a wayi gari ana ɓalla ƙofa.

ABIN DA KE WUYANMU

Adalci ya sa mu juyo da yatsa gare mu. Sau da yawa mu ne muke kore nagari mu jawo miyagu. Gwani ya zo ya faɗi kuɗin aikin da zai ɗauki sa'a uku, mu ce ya yi tsada. Wani ya zo ya ce zai yi da rabin haka a minti ashirin, mu ce ga mai tausayi. Araha ba ta ado. Wasunmu kuma, da manyan riguna da manyan motoci, sai an gama aiki su ce a dawo gobe, goben da ba ta zuwa. Mai sana'ar da aka saba cinye masa lada, wata rana zai koyi cire haƙƙinsa ta wata hanya.

Sa'an nan rigakafi ya fi magani. A ciro ragar iyakwandishan a wanke ta duk bayan mako biyu a lokacin ƙura, wannan ko yaro zai iya. A kira mai gyara ya wanke na'urar ciki da waje a watan Fabrairu, bayan hunturu, kafin zafi ya kankama layi ya yi tsawo. Wutar gidajenmu an tsara ta a kan bolt 230, amma kowa ya san yadda take hawa da sauka, don haka sitabilaiza ba ƙawa ba ce. Idan an ɗauke wuta an dawo da ita nan take, a jira kamar minti uku zuwa biyar kafin a kunna, domin matsin gas ya daidaita. Kada a kankare ƙanƙarar firiza da wuƙa. Kada a manna firji da bango.

Ga ɗan lissafin hedimasta. Iyakwandishan mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, irin ta da, tana jan kimanin kilowat 1.2. Idan datti ko yoyon gas ya hana injinta hutawa, ta yi sa'a 8 tana aiki, ta ci yunit 9.6. A watan Afrilun 2024, lokacin da aka kai kuɗin wutar masu rukunin A naira 225 kowane yunit, wannan ya kama naira 2,160 a dare guda. Ku ninka da talatin. Za ku ga cewa wanda ya ƙi biyan gwani, yana biyan mita.

KIRA GA RASSANMU

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna ba da shawarar kowane reshe ya buɗe ɗan littafi a hannun sakatare, a riƙa rubuta sunan mai gyaran da aƙalla mutum uku daga cikinmu suka gwada suka yaba, da irin aikin da ya yi. Wanda aka yi ƙorafi a kansa, a ji ta bakinsa tukuna kafin a soke sunansa, kada mu zama masu ɓata sunan bayin Allah da jita-jita. Baƙon da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Abuja, da gwauruwar da mijinta ya bar ta da marayu a Kaduna, su ne za su fi cin moriyar wannan littafi.

Haka kuma muna kira ga iyaye su daina raina wannan sana'a. Zafi ba raguwa yake yi ba, birane kuma ƙaruwa suke yi. Yaron da ya gama sakandare, ya je kwalejin fasaha, ya zauna a hannun gwani ya koyi aiki da gaskiya, ba zai yi yawo da fayil a hammata yana neman aiki ba.

KAMMALAWA

'Yan'uwa, dattijon nan da ya shafa ruwan sabulu har yau shi ke mana aiki. Ranar da ya gama, mun tambaye shi me ya sa bai ɗura gas ya karɓi kuɗinsa kamar na farko ba. Ya ce, "Malam, ni a unguwar nan zan tsufa." Irin wannan mutum muke so ku nema, kuma tun na'ura tana lafiya za ku neme shi, ba ranar da ta tsaya gumi yana zuba hankali ya tashi ba. Idan kun same shi, ku biya shi haƙƙinsa a kan lokaci, ku kuma gaya wa ɗan'uwanku.

Mun ɗan zarce lokaci. Tsohon malami in ya ga aji cike, da wuya ya ji ƙararrawa.